Dama ko Hagu? Tarihin Wuƙar da Ta Sauka Inda Ba Ciwo

Kusan duk abin da likitan tiyata zai sa wa wuƙa a jikin ɗan Adam yana da ɗan'uwa a ɗaya gefen. Ido biyu, kunne biyu, ƙoda biyu, huhu biyu, gwiwa biyu, ita kanta ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce. Yatsu suna kama da juna, ƙasusuwan gadon baya kuwa a jere suke, kowanne sak na kusa da shi. Ga kuma abin da duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin teburin tiyata ya sani: in kana fuskantar majiyyaci, damarsa ita ce hagunka, in aka kifa shi rub da ciki, lissafin ya sake juyewa. Hoton ƙashi ma in an manna shi a bai-bai, sai ya nuna maka ciwo inda babu shi.

A ɗakin tiyata na yi aikin jinya har na yi ritaya, yanzu kuma ina koyar da 'yan baya. Ba a rasa ɗalibar da za ta tambaye ni yadda za a yi a ce likita da hankalinsa da karatunsa ya yanke ƙafar da ba ita ba. Amsar tana cikin tarihin sana'ar. Shekara kusan dubu huɗu doka tana bin sawun hannun da ya yi ɓarna, ta hukunta shi ko ta sa shi biya. Abin da ya fi kusa da magani kuwa jiya-jiya aka gano shi, wato a ba mafi ƙanƙanta a ɗakin ikon buɗe baki ya ce a dakata.

Daga Babila zuwa Madina

Cikin tsofaffin dokokin da suka yi wa mai aska iyaka, babu wadda ta yi suna kamar ta Hammurabi, sarkin Babila, wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. A jikin wani baƙin dutse aka sassaƙa ta, aka tono shi a Susa ta ƙasar Iran a 1901, yanzu yana gidan tarihi na Louvre a birnin Faris. Dokar ta yanka lada: wanda ya yi wa babban mutum aiki da askar tagulla ya warke, yana da shekel goma na azurfa, in talaka ne, biyar, in bawa ne, ubangidansa ya ba da biyu. In kuwa babban mutum ya mutu ko ya rasa ido, a yanke hannun likitan. In bawa ne ya mutu, a biya bawa a madadin bawa.

Dokar ba ruwanta da ko likitan gwani ne ko ɗan koyo, ko ciwon ya riga ya ci ƙarfin mai shi. Sakamako kawai take dubawa, da darajar wanda abin ya faɗa wa. A ƙarƙashin irin wannan doka, mai wayo shi ne wanda zai gudu daga duk ciwo mai wuya, wanda ya yi kuskure kuwa zai binne shi iya ƙarfinsa. Babila ta rushe, amma wannan ɗabi'a ta ɓoyo tana nan da ranta a asibitoci da yawa.

Malaman Musulunci sun zo da tambayar da Hammurabi bai yi ba: wa ya riƙe askar, kuma da izinin wa? Tushen maganar hadisi ne da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito, wanda ya ɗora lamunin ɓarna a kan duk wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin ba. A shekara ta 319 bayan Hijira, wato 931, labari ya kai wa Halifa Muƙtadir cewa wani ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani. Nan take ya hana kowa aikin sai wanda babban likitansa, Sinan ɗan Sabit, ya jarraba shi ya ba shi izini. Kimanin mutum 860 aka jarraba a birnin.

Mu da muke bin Malikiyya, hukuncin a gida yake. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo batun mai kaciya da hannunsa ya zarce ya yanke abin da bai kamata ba. Ya ce akwai diyya, kuma tunda kuskure ne ba ganganci ba, dangin mai aikin na wajen uba, waɗanda fikihu ke kira aƙila, su za su haɗa su biya. Haka kuma hukuncin yake a kan duk kuskuren likita da ba da niyya ya yi ba. Daga baya Ibn Ƙayyim, malamin Dimashƙa da ya rasu a 1350, ya kasa masu magani kashi biyar a littafinsa Zadul Ma'ad. Kashi na uku ne ya fi tsaya mini a rai: gwani, wanda aka ba izini, ya bi ƙa'idar aiki, amma hannunsa ya kauce ya lalata gaɓa mai lafiya. Malamin ya ce wannan ma sai an biya. Cikakkiyar diyya raƙuma ɗari ce ko dinari dubu, ƙafa ɗaya kuwa rabin haka.

Malaman nan sun san gwaninta ba ta hana hannu kaucewa, sannan ba su bar nauyin kuskure a wuyan mutum ɗaya ba. Wanzamai da maɗora da ungozomomin ƙasar Hausa sun yi sana'arsu ne a ƙarƙashin alƙalan da suka tashi da Muwaɗɗa da Risala da Muhtasar. Saboda haka neman diyyar kuskuren mai magani ba baƙon abu ba ne da Bature ya kawo mana.

Ranar da majiyyaci ya yi shiru

A waɗancan zamunna yanke gaɓar da ba ita ba abu ne mai wuya, domin mai ciwon idonsa biyu. Ƙarti ke danne shi, yana ihu, yana ganin inda aska ta dosa. Ranar 16 ga Oktoba, 1846, a babban asibitin Massachusetts da ke Boston, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa majiyyaci tururin sinadari mai sa barci, likita John Warren ya cire masa ƙari a wuya ba tare da kururuwa ba. Tiyata ba ta taɓa samun rahamar da ta kai wannan ba. Sai dai ta rufe bakin mutum ɗaya tilo da ba zai taɓa mance wane gefe ke masa ciwo ba.

A 1867 Joseph Lister na Glasgow ya nuna cewa kashe ƙwayoyin cuta yana hana rauni ruɓewa. Sannu a hankali aka zo ga lulluɓe majiyyaci da tsaftatattun yaduka tun daga kai har ƙafa, a bar ɗan fili kawai inda za a yanka. Asibitoci suka girma, aiki ya rarrabu. Likitan da ya fara duba mutum daban, magatakardan da ya rubuta jadawali daban, wanda ya turo gado daban, wadda ta wanke fata ta shafa magani daban, wanda zai yanka daban. Kalma ɗaya, dama ko hagu, sai ta ratsa hannu biyar ko shida kafin ta isa bakin wuƙa, kowa yana kwafar na bayansa, kowa yana zaton wani ya tabbatar.

Kotunan Turawa suka shiga nasu laluben. A Ingila a 1767 aka ci wasu masu magani biyu diyyar fam 500 saboda sun sake karya ƙafar da ta fara ɗorewa ba da yardar mai ita ba. A 1905 kotun ƙoli ta jihar Minnesota a Amurka ta saurari ƙarar wata mata da ta yarda a yi mata aiki a kunnen dama. Tana cikin barci likita ya duba ya ga na hagun ya fi lalacewa, sai ya yi aikin a can. Ba a same shi da rashin iya aiki ba, amma kotu ta ce ya keta haddin jikinta, domin izinin dama ba izinin hagu ba ne. Da farko an ba ta sama da dala 14,000, da aka sake shari'ar kuɗin suka dawo dala 39. Kuɗin sun zube, ƙa'idar ta tsaya, tana kuma cikin tushen takardar amincewar da muke ba mutane su sa hannu ko su dangwala yatsa.

A 1951 wata shari'ar ta zo daga Liverpool. Mutum ya shiga asibiti a gyara masa yatsu biyu da suka ƙandare, ya fito huɗu sun ƙandare. Ta ina zai nuna wanda ya yi sakacin, shi da bai san abin da aka yi masa ba? Kotun ɗaukaka ƙara ta ce hannun da kansa shaida ne, asibiti ne zai yi bayani, shi ne kuma zai ɗauki nauyin ma'aikatansa. Nakan ce wa ɗalibai, ga aƙila nan ta dawo a cikin wata riga.

Mutumin da ya ƙirga nasa

Kotu ba ta ganin kowa sai wanda ya kai ƙara. Wanda ya dage cewa asibiti ya ƙirga kurakuransa da kansa shi ne Ernest Codman, likitan tiyata a Boston. Kowane majiyyaci sai ya buɗe masa kati: abin da aka zata yana damunsa, abin da aka yi masa, da yadda ya kasance bayan shekara guda. In aiki bai yi kyau ba, a rubuta dalili. Manyan likitocin garin ba su ji daɗin wannan ba, har ta kai ya ajiye aiki a asibitin Massachusetts a 1914. A ɗan ƙaramin asibitin da ya buɗe na kansa, ya kwantar da mutum 337 tsakanin 1911 da 1916, ya kuma buga rahoton kurakurai 123 da aka yi a ciki, kowa ya karanta. Ya rasu a 1940, kabarinsa ba ko alama har sai 2014.

Ra'ayinsa dai bai mutu ba. Ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka ta duba asibitoci 692 a 1918, sai 89 kacal suka cika mafi ƙarancin sharuɗɗa. An faɗi alƙaluman, amma jerin sunayen an ƙona shi a murhun otal ɗin Waldorf Astoria a New York don kada ya faɗa hannun 'yan jarida. Daga wannan shiri ne hukumar tantance asibitoci ta Joint Commission ta fito a 1951.

Tampa da Llanelli

Labarai biyu ne suka tashi duniyar tiyata daga barci, kuma kowace ma'aikaciyar jinya ya kamata ta haddace su.

A Fabrairun 1995, a wani asibiti da ke Tampa ta jihar Florida, aka shigo da wani mutum mai shekara 51, mai ciwon suga, za a yanke masa ƙafar dama. Takardar da ya sa wa hannu daidai take. Amma jadawalin tiyata ya ce hagu, kwamfuta ta ce hagu, allon bango ya ce hagu. Kafin likita ya shigo an riga an wanke ta hagun, an lulluɓe sauran jiki. Ita ma ciwon ya taɓa ta, don haka ido bai ga abin da zai ja hankali ba. Aiki ya yi nisa, sai wata nas da ke duba fayil ta kama rawar jiki tana kuka. Bakin alƙalami ya riga ya bushe. Asibitin ya biya dala 900,000, likitan ya biya 250,000, hukumar likitoci ta ci shi tarar dala 10,000 ta dakatar da shi wata shida. Daga baya aka yanke ɗaya ƙafar ma, tunda tun asali ita ce ta lalace.

A Janairun 2000, a asibitin Prince Philip da ke Llanelli a yankin Wales, aka kwantar da wani tsohon soja mai kimanin shekara 70 za a cire masa ƙodar dama da ta daina aiki. Takardar kwantarwa ta ce hagu, jadawali ya kwafa, hoton kuma aka manna shi a bai-bai. Wata ɗalibar likitanci da ta shigo kallo ta duba hoton, ta ce ita tana ganin ba wannan ƙodar ba ce. Aka nuna mata ita ce ta ruɗe. Aka cire mai lafiyar, mutumin ya rasu bayan mako biyar. An gurfanar da likitocin biyu bisa zargin kisan kuskure, shari'ar ta rushe a 2002 saboda ba a iya tabbatar da cewa cire ƙodar ne ya yi ajalinsa kai tsaye ba. A 2004 majalisar likitocin Birtaniya ta dakatar da su shekara guda.

A ɗakin nan na Llanelli akwai wadda ta ga gaskiya, ta kuma faɗa. Ilmi bai yi ƙaranci ba ranar. Matsayinta ne bai kai a saurare ta ba.

Aron dabara daga matuƙa jirgi

Masu jirgin sama sun riga mu shan wannan ɗacin. Ranar 30 ga Oktoba, 1935, sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing ya faɗi a filin gwaji na Dayton, jihar Ohio, jim kaɗan da tashinsa. Matuƙin, Manjo Ployer Hill, yana cikin ƙwararru, amma an manta ba a sake wani makulli da ke riƙe fikafikan wutsiya ba. Abokan aikinsa ba su ce a ƙara wa matuƙa karatu ba. Ɗan gajeren jeri suka rubuta na abubuwan da za a duba kafin tashi da sauka. Sai kuma haɗarin Tenerife na 1977, inda manyan jirage biyu suka yi karo a kan titin tashi, mutum 583 suka mutu. Injiniyan ɗaya daga cikin jiragen, na kamfanin KLM, ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar hanya, kyaftin ya amsa da ƙarfin gwiwa ya ci gaba. Bayan wannan ne kamfanonin jiragen suka fara koyar da na ƙasa yadda zai yi magana, da na sama yadda zai saurara.

A tiyata, likitocin ƙashi na Kanada ne suka fara, a 1994: likita ya rubuta haruffan sunansa a kan fatar da zai yanka, ya yanka ta cikinsu. Takwarorinsu na Amurka suka bi sahu a 1998, bayan sun ƙiyasta cewa cikin likitocin ƙashi huɗu, ɗaya zai yi aiki a wurin da ba shi ba cikin shekara 35 na sana'a. A 1999 rahoton Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka ya ce mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa duk shekara a asibitocin ƙasar saboda kurakuran da za a iya kauce musu. A 2001 Peter Pronovost na asibitin Johns Hopkins ya rubuta matakai biyar na sa bututu a babbar jijiya, ya kuma sa hukumar asibiti ta ba nas-nas ikon tsayar da duk likitan da ya tsallake ɗaya. Da aka gwada a jihar Michigan, cututtukan da ke shiga jini ta wannan hanya suka ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Daga 1 ga Yuli, 2004, Joint Commission ta wajabta abu uku: a tabbatar da mutum da aikin, a yi alama a wurin, a dakata kafin yanka.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin tambayoyi 19, ƙarƙashin jagorancin likita Atul Gawande, aka kasa su uku: kafin a sa barci, kafin a yanka, da kafin a fitar da majiyyaci. An gwada a asibitoci takwas: Toronto, Seattle, Landan, Auckland, Amman, New Delhi, Manila, da Ifakara ta Tanzaniya. Sakamakon da aka buga a Janairun 2009 ya nuna mace-mace sun sauko daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8, matsalolin bayan aiki daga kashi 11 zuwa 7.

Yadda abin yake a bakin tebur

Kafin a sa barci nakan sunkuya kusa da kunnen dattijo.

"Baba, sannu. Yaya sunanka?"

Ba na kiran sunan in ce shi ne ko ba shi ba. Mutanenmu in sun ga kayan asibiti, duk abin da ka faɗa "e" za su ce, don ladabi ko don tsoro. A ɗaki ɗaya kuma sai ka tarar da A'isha uku da Muhammadu huɗu, da yawa ba su riƙe ranar haihuwa ba, wata katinta da sunan miji, wata da sunan uba, wani kuma Fulatanci ko Barbarci kawai yake ji.

"Me za a yi maka yau, Baba?"

"'Yata, ai ku kuka sani."

"Mun sani, Baba. Amma so nake ka ɗora hannunka a wurin."

Sai ya ɗora a matsematsin dama, inda ƙabar take. Na duba alamar da likita ya zana da alƙalami, na duba fayil, na duba takardar amincewa. Sai ukun nan sun yi daidai da hannun Baba sannan mai sa barci ya ci gaba.

Dakatawa ta biyu ta fi wuya. An lulluɓe jiki, likita ya sa safar hannu, ya miƙo tafi a ba shi wuƙa, sai ke da kika fi kowa ƙanƙanta ki ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan dakata." Kowa ya faɗi sunansa da aikinsa. A faɗi sunan majiyyaci, da aikin, da gefen. An ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya da ta wuce? Hoton da ke allo nasa ne, kuma daidai aka manna shi? Jini nawa ake tsammanin zai zuba? Duka bai fi minti biyu ba. Farkon zuwan tsarin, manya da yawa sun ɗauke shi raini.

"Sista, kina nufin ban san aikina ba?"

"Ka sani, ranka ya daɗe. Takarda ce ta ce in tambaya."

A nan amfanin takardar yake a wurinmu, inda tarbiyya ta hana ƙarami gyara wa babba. Ta zama garkuwa ga mai tambaya. Wanda kuma ya riga ya buɗe baki ya faɗi sunansa a farkon aiki, ya fi samun ƙarfin sake buɗewa in ya ga abin da bai gamshe shi ba. Abin bai kamata ya zama baƙo ga Bahaushe ba: in liman ya yi rafkanwa, yaron da ke sahun baya ma yakan ce subhanallah, ba kuma wanda ya taɓa kiran wannan rashin kunya.

Takarda ba laya ba ce

A 2014 aka duba asibitoci 101 na lardin Ontario a Kanada bayan gwamnati ta wajabta jerin, ba a ga wani sauyi na a zo a gani ba. Ana iya cike gurabe 19 a takarda ba tare da kowa ya ɗaga kai ba. Asibitin Rhode Island a Amurka ya buɗe kan mutum uku a gefen da ba shi ba cikin 2007 kaɗai, alhali dokar dakatawa tana aiki. Da aka sake yin aiki a wurin da ba shi ba a 2009, aka ci shi tarar dala 150,000, aka umarce shi ya kafa kyamara a ɗakunan tiyata. A 2018, a babban asibitin Kenyatta na Nairobi, aka rikita alamar sunan majiyyata biyu, aka buɗe kan wanda magani kawai yake buƙata, sai da aka yi sa'o'i ana neman gudan jinin da babu shi. A 2021, a garin Freistadt na Ostiriya, ita kanta alamar ce aka zana a ƙafar da ba ita ba, aka yanke wa dattijo mai shekara 82 ƙafa, ba a gane ba sai bayan kwana biyu wajen canza bandeji. Kotu ta ci likitar tarar yuro 2,700, ta ba matar dattijon diyyar yuro 5,000.

A kwatanta wannan da dala miliyan ɗaya da dubu 150 na Tampa. Ƙafa ɗaya ce, farashi ya bambanta da inda ka kwanta. Masu bincike na Johns Hopkins sun ƙirga diyya 9,744 da aka biya a Amurka tsakanin 1990 da 2010 a kan irin waɗannan kurakurai, har da mance kayan aiki a cikin mutum, jimillarsu dala biliyan 1.3. Duk da haka binciken Harvard na 1991 ya nuna cewa cikin waɗanda sakaci ya cutar, ƙasa da biyu cikin ɗari ne suka kai ƙara. Tsoron lauya kuma yana koya wa ma'aikaci kame baki, irin na zamanin Hammurabi.

Shi ya sa wasu ƙasashe suka sake hanya. New Zealand tun 1974, Suwidin tun 1975, suna biyan wanda aka cutar daga asusu na gama-gari ba sai ya kayar da likita a kotu ba. Asibitocin Jami'ar Michigan daga 2001 suka fara zuwa wurin majiyyaci da kansu, su faɗi abin da ya faru, su nemi gafara, su yi tayin diyya, ƙararrakin da ake kai su kuwa raguwa suka yi. Daga 2009 inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ta daina biyan kuɗin aikin da aka yi a wurin da ba shi ba. Ingila ta mai da faɗa wa majiyyaci gaskiya wajibi a doka a 2014.

A Nijeriya, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori tana da kotun ladabtarwa da ke iya gargaɗi, ko dakatarwa, ko soke sunan likita, amma diyya sai an je kotun gama-gari. Akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, akwai kundin haƙƙoƙin majiyyaci da aka ƙaddamar a 2018. Abin da na fi gani da idona dai shi ne dangi su taru a baranda, babba a cikinsu ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mun bar wa Allah, a naɗe tabarma a tafi. Asibiti ya numfasa, fayil ya koma ma'aji, ba wanda ya zauna ya bi diddigin inda dama ta zama hagu.

Ban raina haƙuri ba, yafiya kuma tana da lada. Amma Imamu Malik ya fi mu sanin ƙaddara, bai kuwa ga ta hana diyya ba. Wanda aka cutar yana da haƙƙin a gaya masa abin da ya faru, a rubuta shi, a nuna masa abin da aka gyara, sannan ya zaɓa ko ya karɓi diyya ko ya yafe. Diyyar tasa ce, yana iya barinta don Allah. Ƙafar wanda zai hau teburin nan gobe kuwa ba tasa ba ce, ba shi da ikon yafe ta.